Ɗaurin Hannu Ko Na Inji: Tarihin Ƙafar Keke Daga New Bell Zuwa Grand Hangar

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin samarinmu masu hawan keken tsere a Duwala. Idan mutum ya tara 'yan kuɗinsa zai sauya ƙafafun kekensa, wanne ya fi masa: ya sayi ƙafar da kamfani ya haɗa ta zo a shirye, ko ya sayi rim daban, cibiya daban, sifok daban, ya kai wa gwani ya ɗaura masa da hannu? Wanda bai san keke ba zai ce abin bai kai ya kawo ba. Amma ƙafafu biyu masu kyau sukan cinye abin da tela ko mahauci zai yi watanni yana tarawa, kuma a kansu ran mutum yake lokacin da yake gangara da gudu tsakanin manyan motoci. Ni dai na taso cikin masu gyaran keke a New Bell, yanzu kuma ina zaune a tsallaken kogi kusa da kasuwar Grand Hangar a Bonaberi. Abin da na fahimta shi ne ba a raba wannan gardama sai an san inda ƙafar keke ta fito, da yadda ta iso hannunmu.

Kekunan farko na Turai ƙafafun katako ne da su, irin na amalanke, an zagaye su da ƙarfe. Nauyin mahayi yana sauka ne a kan sandunan katakon, su tokare shi daga ƙasa. A shekarar 1869 wani maƙeri a birnin Faris mai suna Eugène Meyer ya yi rajistar ƙafar keke mai siraran wayoyin ƙarfe waɗanda ake ɗaurewa tamau. A 1874 kuma James Starley na birnin Coventry a Ingila ya zo da dabarar karkata wayoyin su riƙa gitta juna kafin su kai ga rim, domin ƙarfin da ƙafar mutum ta zuba a feda ya isa taya ba tare da wayoyin sun lanƙwashe ba. Saƙar da muke gani a ƙafar keke har gobe ke nan. Ɗan ɗan'uwansa, John Kemp Starley, shi ya fito da keken Rover a 1885, mai ƙafafu biyu kusan kai ɗaya da sarƙa zuwa ƙafar baya. A 1888 John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. Daga nan keke ya ɗauki kamannin da muka san shi da su.

Ya kamata mai karatu ya gane yadda wannan ƙafa take aiki, don a nan amsar take. Sifok guda ɗaya kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, yaro ma zai iya lanƙwasa shi da hannu. Amma in an ɗaura 32 ko 36 tsakanin cibiya da rim, aka ja kowanne da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 100 ko kusa da haka, sai su zama abu guda mai ɗaukar ƙato da buhunsa. Idan mahayi ya hau, sifok ɗin da suke ƙasa a wannan lokacin sukan ɗan saki, da ƙafar ta juya sai su koma yadda suke. Muddin ɗaurin ya yi ƙarfi kuma ya zo daidai a kowane sifok, wannan saki da kamawa ba ya cutar da komai. In kuwa wani ya yi sako-sako, to shi zai riƙa motsi duk juyi, ɗan notinsa ya warware, wuyansa da ke maƙale a cibiya ya gaji, wata rana ya tsinke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Hausawa. Ƙarfin ƙafar keke yana ga yadda aka raba wa kowane sifok rabonsa na kaya.

Kusan shekara 100 bayan Starley, duk ƙafar keken da ke duniya hannun mutum ne ya ɗaura ta. A manyan masana'antun Ingila, irin ta Raleigh da ke Nottingham, akwai ma'aikatan da ba su da aiki sai zura sifok da ɗaure shi, kuma da yawansu mata ne. Ke nan a wancan zamani babu wannan tambaya ta hannu ko inji. Bambancin kawai shi ne hannun wa, kuma nawa ne lokacin da aka ba shi.

To yaya abin ya iso mu? Sai mun koma tarihin unguwar. Tun daga 1910 Jamusawa suka ƙulla shirin ƙwace filayen bakin kogin Wuri daga hannun ƙabilar Duwala, su mayar da wurin unguwar Turawa, su kuma tura 'yan ƙasa can baya, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakani. Wurin da aka ware wa mutanen gidan sarautar Bell shi aka kira New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, ya yi ta kai ƙara, Jamusawa suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Ba a rufa wata biyu ba sojojin Ingila da Faransa suka karɓe garin. Yawancin 'yan Duwala ba su zauna a New Bell ba, sai unguwar ta zama matattarar baƙi: Bamileke, Basa, Ewondo, mutanen Afirka ta Yamma, da Hausawa waɗanda fatauci ya gangaro da su daga Adamawa ta Banyo da Tibati da Yoko. Masaniyar tarihi Lynn Schler ta rubuta littafi guda a kan waɗannan baƙi, The Strangers of New Bell, wanda ya fito a 2008. Ta ɗaya gefen kogin kuwa, layin dogon da Jamusawa suka kammala a 1911 daga Bonaberi zuwa Nkongsamba ya jawo 'yan kasuwa da 'yan dako, gadar Wuri da aka gama a 1954 kuma ta haɗe gefen biyu. Daga nan mutum zai iya tasowa daga New Bell a kan keke ya tsallaka Bonaberi ba tare da jiran jirgin fito ba.

Garin da aka tsara shi don talaka ya kwana nesa da wurin aikinsa, dole keke ya yi daraja a cikinsa. Akawu, tela, mahauci mai kai nama gidajen Turawa, malamin da ke zagaya ɗalibai, duk wanda ya samu hali sai ya sayi keke. Kekunan Faransa irin su Peugeot suna shigowa ta tashar jiragen ruwa, daga baya ma kamfanin La Maison du Cycle ya riƙa haɗa kekuna a nan Duwala. Amma iyayenmu masu zuwa Najeriya ba su ganin kowa da gashi sai Raleigh, wanda har masana'anta ya kafa a Kano. Daga baya kekunan Sin irin su Phoenix da na Indiya irin su Hero suka zo da araha. Tsohon keken Ingila yakan zo da sifok 32 a gaba, 40 a baya, saboda baya ce ke ɗaukar mahayi da kariya da kaya. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa mutanen da suka yi shi sun san abin da za a ɗora masa.

Inda keke ya yi yawa, mai gyara ba ya rasa abinci. A bakin titunan New Bell, kusa da masallaci da bakin kasuwa, kowane mai faci yana da ɗan akwatinsa, amma ba kowane mai faci ne ya iya ɗaurin ƙafa ba. Wannan sai wanda ya daɗe a gaban ubangida. Harshen sana'ar ma gauraye yake: abin da mutanen Kano ke kira sifok, a nan reyon ake ce masa, rim kuma jant, saboda Faransanci. Na yi shekaru ina zama a rumfar wani dattijo Bakatsine bayan an tashi daga makarantar allo. Ba shi da wani ma'auni. Yakan kife keke a kan sirdi da kai, ya juya ƙafar, ya kafa babban yatsansa kusa da rim yana sauraren inda za ta taɓa. Sai ya bi sifok ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa su da farce kamar mai gwada tsirkiyar garaya. Wanda ya yi ƙara ƙasa-ƙasa ya san ya saki, wanda ya yi tsini da yawa ya san ya ɗauki kayan maƙwabcinsa. In ya gama, sai ya kama sifok bibbiyu ya matse su da tafin hannu da ƙarfi, ya sake dubawa. Wata rana na ce masa, “Baba, ai ta miƙe, me ya sa kake ta matse ta?” Ya ce, “Yaro, in ban matse ta a nan ba, hanya za ta matse ta, mai ita kuma ya dawo jibi ya ce na cuce shi.” Sai da na girma na ji cewa injiniya Jobst Brandt, a littafinsa The Bicycle Wheel na 1981, ya yi dogon bayani a kan wannan matsa da yadda take hana sifok tsinkewa da wuri. Dattijon nan bai taɓa jin sunansa ba.

Su ma Turawa masu tsere da ɗaurin hannu suka yi ta cin gasa. Abin da ya fara sauyawa shi ne rim. A 1934 Antonin Magne ya ci gasar zagaya Faransa a kan rim ɗin alminiyam na kamfanin Mavic, wanda aka shafa wa fenti ya yi kama da katako don dokar gasar ba ta yarda da shi ba a lokacin. Daga farkon shekarun 1970 aka fara samun injunan da ke zura sifok su ɗaure shi su miƙar da ƙafa, kamfanin Holland Mechanics na ƙasar Holan na cikin waɗanda suka yi fice a wannan. Inji ya sa ƙafa ta yi araha, amma sassanta ba su sauya ba, duk mai gyara zai iya kwance ta ya sake ɗaurawa. Babban juyin ya zo ne a shekarun 1990, lokacin da kamfanoni suka fara ƙera ƙafa a matsayin abu guda: rim da cibiya da sifok duk nasu ne, an yi su don juna. Campagnolo na Italiya ya fito da Shamal a farkon shekarun, Mavic ya fito da Helium a 1996 da Ksyrium a 1999. Yawan sifok ya sauko zuwa 24, 20, har 16. Wasu faffaɗa ne kamar ruwan wuƙa don su yanka iska, wasu miƙaƙƙu ne ba lanƙwasa a wuya, wasu ma na alminiyam ne da noti na musamman wanda sai da makullin kamfanin ake juya shi.

A daidai waɗannan shekarun, nan gida wani juyin ne daban. Yajin da aka kira matattun birane a 1991 ya tsayar da tasi-tasi, masu babur suka fara ɗaukar fasinja. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk wani kayan gyara da ke zuwa daga Turai ya ninka kuɗi. A 1995 kamfanin bas-bas na SOTUC ya durƙushe. Bensikin ya mamaye Duwala, da baburan Sin masu araha suka shigo a shekarun 2000 kuwa sai keke ya zama abin hawan yara da wanda ba shi da yadda zai yi. Yaran masu gyaran keke suka koma gyaran babur. Wasu sun tafi da sanin ɗaurin sifok, tunda ƙafar babur ma a da saƙa ce, amma da baburan da ke da ƙafar zubi suka yawaita, nan ma aikin ya ragu. Da keke ya dawo a matsayin abin motsa jiki da gasa, ta cikin kwantenonin gwanjo ya dawo. Samari suna kallon gasar zagaya Kamaru, sun ga ɗan ƙasa Clovis Kamzong Abessolo ya cinye ta a 2015, kowa yana son keke irin na 'yan tsere. Sai ga ƙafafun da aka ƙera don titunan Turai da shagunan Turai a rataye a rumfunan New Bell da Bonaberi, masu ɗaurin hannu kuma saura ƙalilan.

Abin ya zo har gidana. Ɗan yayata ya yi wata bakwai yana tara kuɗin ɗinki ya sayi wasu ƙafafu na gwanjo masu sifok 20 a baya, marasa nauyi kamar a hura su tashi. Sati na uku, a hanyar Bekoko, ya faɗa rami, sifok ɗaya ya tsinke. Nan take ƙafar ta karkace har ta kama jikin keken ta ƙi juyawa, sai a kan bensikin ya dawo da keken a kafaɗa. Ya ce mini, “Kawu, waya ɗaya ce fa kawai.” Ɗaya ce, amma ɗaya cikin 20. Da cikin 36 ce, da ya buɗe birki ya lallaɓa ya iso gida, washegari a sa masa wata. Muka zagaya daga Grand Hangar zuwa New Bell, babu mai irin wannan sifok, babu mai makullin notinsa. Sai da aka yi wata huɗu kafin wani ɗan unguwa da ke zaune a Faransa ya aiko da shi. Ƙafar ba ta da laifi, an yi ta ne don garin da kayan gyaranta ke nesa da mutum da tafiyar minti goma.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba duk ɗaurin hannu ne ya fi na kamfani ba. Ƙafar kamfani mai tsada takan fi sauƙi, ta fi yanka iska, kuma manyan kamfanoni sukan sa mutum ya kammala ta da hannu da ma'auni bayan inji ya yi nasa. Ɗan tseren da ke neman daƙiƙa biyar a kan abokin hamayya, wanda ƙungiya ke bi da mota da ƙafafun canji, yana da hujjar zaɓenta. A ɗaya ɓangaren kuma, gwanin hannu ba zai wuce kayan da aka ba shi ba. Yawancin sifok ɗin da ke kasuwarmu na kekunan dako ne, baƙin ƙarfe ne da aka yi wa ruwan tutiya. Duwala kuwa tana samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, kusan ninki huɗu na Kano, ga iskar gishiri daga bakin teku. Irin wannan sifok damina biyu ta ishe shi ya yi tsatsa. Tsawo ma wani abu ne: rim ɗin tsohon keke mai inci 28 faɗinsa milimita 635 ne, na keken tsere 622, kuma in tsawon sifok ya kauce da fiye da milimita ɗaya ko biyu, ɗaurin ba zai zauna ba. Ƙafar baya ta keken tsere kuma ba kamar ta Raleigh ba ce: saboda tarin giyoyin da ke gefen dama, sifok ɗin wannan gefe sun fi miƙewa tsaye kuma sun fi ɗauri, na hagu sun fi saki. Wanda bai saba da ita ba zai miƙar da ita amma ta zauna a karkace daga tsakiyar keke. Mugun ɗaurin hannu ya fi na inji muni.

Saboda haka in aka tambaye ni, ga abin da nake cewa. Wanda keke ɗaya gare shi, da shi yake atisaye, da shi yake zuwa aiki, kuma aljihunsa ne motar da ke bin sa, ya nemi ƙafa mai sifok 32 ko 36, irin masu lanƙwasa a wuya da ake samu ko'ina, a saƙa su kowanne ya gitta uku. Sifok ɗin ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, noti kuma na tagulla, don na alminiyam yakan ci ya manne a irin damshinmu har ya ƙi juyawa. Cibiya ta zama wadda ake kwancewa a wanke a sa giris da sabon boris: tsofaffin cibiyoyin Shimano na baya ƙwallaye tara ne kowane gefe masu rubu'in inci, kuma babu kasuwar da ba a samunsu. Idan ya sayi ƙarin sifok huɗu ko biyar na kowane tsawo ya ajiye, ya gama da fargaba. In kuwa ƙafar inji ce mai irin waɗannan sassa ta zo masa da araha, ya saya, amma kafin ya hau ya kai wa gwani ya ƙara mata ɗauri, ya daidaita, ya matse ta. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma takan ba da ƙafar da za ta yi shekaru.

Wanda kuma zuciyarsa ta nace sai ƙafar gwanjo ta kamfani, to ya buɗe ido. Ya ɗora bakin rula a gefen rim inda birki ke kamawa: in wurin ya rame ya yi kwari, birki da yashi sun cinye shi, kuma irin wannan rim yakan tsage ba sallama in an cika taya da iska. Ya duba bakin kowane rami inda sifok ya shiga ko akwai tsaga. Ya juya cibiya a hannu ya ji ko tana ƙarar tsakuwa. Sannan ya yi wa mai sayarwa tambaya guda: in sifok ya tsinke, a wace rumfa zan sami wani? In amsar ta zama kame-kame, araha ba ta ado.

Abin da ya fi damuna ya wuce zaɓen mutum ɗaya. Shawarar da na bayar duk ta rataya ne a kan samun gwani, gwanayen kuwa tsufa suke yi. Waɗanda suka rage a New Bell da Bonaberi sun koyi aikin a kan Raleigh da Peugeot, kunnensu da yatsunsu sun san ɗauri, amma ba su saba da ƙafar giya goma sha ɗaya ba. Samarin da suka san sabon keke kuwa a waya suka san shi, ba su taɓa saƙa ƙafa daga farko ba. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin sana'ar. Kayan da ake buƙata don haɗa su ba su da yawa: mazaunin miƙar da ƙafa, wanda maƙerinmu zai iya yi da tsohon cokalin keke, ma'aunin ɗauri guda ɗaya, da ɗan kasuwa ɗaya da zai riƙa kawo sifok mai kyau tsawo-tsawo. Ƙungiyoyin masu hawan keke da ke haɗa kuɗi su ɗinka riguna iri ɗaya za su iya haɗa kuɗin wannan ma, su zaunar da yaro biyu ko uku a gaban dattijo ɗaya na tsawon shekara. Tun daga 1869 har yau, ƙafar keke ba ta daina buƙatar mai juya mata noti rubu'i-rubu'i ba. Garin da ya rasa wannan mutum, duk ramin da ɗansa ya faɗa sai ya jira jirgi daga Turai.